ZAƁE DA MAZAƁA: INA ƘURI'AR ƊAN AREWA TAKE ZUWA?

Kowa ya jawo allonsa da allinsa kusa, domin hirarmu ta yau akwai lissafi cikinta.

Wata rana muna cikin karatu, wani dattijo na ajinmu, mai zuwa cin kasuwa Bacaka, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, can Nijeriya na ji ana faɗin sanatan Kebbi ta Arewa. Shin Arewa tamu ake nufi? In ba ita ba ce, mu ina namu sanatan?" Aji ya fashe da dariya. Na ce: "Baba, ba abin dariya ka faɗa ba. Matambayi ba ya ɓata." Amsar da na ba shi ita na kawo muku yau, ku mutanen Dogon Dutsi da Tibiri, da duk wanda ke jinmu.

MENE NE MAZAƁA?

Ku rubuta kalmar nan bisa allo: ma-za-ɓa. Mazaɓa yanki ne na ƙasa wanda doka ta shata wa iyaka, ta ce mutanen da ke ciki su za su taru su zaɓi wakili ko wakilai. Kamar gona take. Kafin a yi maganar dame nawa aka samu, sai an san inda gonar ta fara da inda ta ƙare.

Abu uku ake tambaya game da kowace mazaɓa. Na ɗaya, ina iyakarta? Na biyu, kujera nawa doka ta ba ta? Na uku, yaya ake raba kujerun bayan an ƙirga ƙuri'u? Wanda ya san amsar ukun nan ya san inda ƙuri'arsa take zuwa. Wanda bai sani ba, ya jefa takarda cikin akwati ne kawai ya koma gida.

YADDA SUKE YI A KEBBI

Mu fara da maƙwabtanmu, tun da daga can tambayar ta fito. Nijeriya majalisa biyu gare ta a Abuja: majalisar wakilai mai kujera 360, da majalisar dattawa mai kujera 109. Ɗan majalisar dattawa shi ake kira sanata. Ƙasar tana da jiha 36. Su jiha suke cewa, mu muna cewa jaha. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanata 3 gare ta, birnin Abuja kuma 1. Ku yi lissafi: 36 sau 3 ya ba da 108, a ƙara 1, 109 ke nan.

Saboda haka an tsaga jihar Kebbi gida uku: ta kudu, ta tsakiya, da ta arewa. To, kun ji inda dattijonmu ya ruɗe. Arewar da ke cikin wannan suna kusurwa ce, kishiyar kudu. Amma bai yi nisa da gaskiya ba, domin Kangiwa da Bacaka, inda danginmu Arawa suke, suna cikin wannan mazaɓa, tare da Argungu da Kamba.

A kowace mazaɓa kujera ɗaya ce tak. Kowace jam'iyya ta tsai da mutum guda. Wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi. Sauran su koma gida su jira shekara 4. Haka suka yi ran 25 ga Fabrairu 2023.

Me ya sa wasu ƙasashe suke da majalisa biyu? Domin doka ta bi ta hannu biyu kafin ta fita, kuma domin ƙananan yankuna su samu murya daidai da manya. A Amurka jiha 50 ce, kowace da sanata 2. Can har jihohin kansu, in ban da guda ɗaya, kowace tana da majalisa biyu nata na gida, an yayyanka ta mazaɓa mazaɓa.

MU DA MAJALISAR DATTAWA

Mu nan Nijar ba mu taɓa zaɓen sanata ba. Tun samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, duk lokacin da ƙasa take da majalisar dokoki, guda ɗaya ce, a Yamai. Ɗan majalisar shi muka saba kira depite. An rubuta majalisar dattawa cikin kundin tsarin mulki a shekarar 2009, zamanin shugaba Tanja Mamadu. Ba ta kai ga zama ba, sojoji suka karɓi mulki ran 18 ga Fabrairu 2010. Kundin da aka yi a Nuwamba 2010 ya komo kan majalisa ɗaya.

Yawan kujerun majalisarmu ya yi ta sauyawa. A zaɓen 1957, kafin mulkin kai, 60 ne. Zamanin jam'iyya ɗaya, jerin sunaye ɗaya ake kawowa, ba wani na biyu da za a gwada shi da shi. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa a Fabrairu 1993, kujera 83. A 2004 suka zama 113. A 2016 suka kai 171.

MAZAƁARMU ITA CE JAHAR DOSO

Yanzu ku kasa kunne da kyau, nan ne mutane da yawa suke kuskure. Mukan ji ana cewa "depiten Dutsi" ko "depiten Tibiri". A baki haka ne. Amma a dokar da aka yi zaɓen 2016 da na 2020 da ita, babu mazaɓar Dogon Dutsi, babu mazaɓar Tibiri. Mazaɓa ita ce jaha ɗungum.

Ga yadda aka kasa kujera 171 ɗin. Kujera 158 an raba wa jahohi 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace gwargwadon yawan mutanenta. Kujera 8 an ware wa mazaɓu na musamman, irin su Bilma, Tasara, Tesker, Bermo da Bankilare, domin al'ummomin da ba su da yawa kada muryarsu ta nutse cikin ta masu yawa. Can kujera ɗaya ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka, kamar yadda ake yi a Kebbi. Kujera 5 kuma na ƴan Nijar mazauna ƙasashen waje. Ku tara: 158 da 8 da 5. Wanda ya samu 171 ya yi daidai.

Jaharmu ta Doso ba ta da mazaɓa ta musamman. Gunduma 8 gare ta: Doso, Boboy, Falmai, Loga, Gaya, Junju, Dogon Dutsi da Tibiri. Da can Tibiri cikin Dogon Dutsi take, sai a 2011 ta zama gunduma mai kantomanta. Dogon Dutsi ta rage da ƙananan hukumomi 6: Dogon Dutsi, Matankari, Ɗan Kasari, Dogon Ƙirya, Kyeshe da Sukukutan. Tibiri ta tashi da 4: Tibiri, Dumega, Geceme da Kore Mai Ruwa. Wannan rabuwa ta mulki ce, ba ta taɓa zaɓen depite ba. Ƙuri'ar mutumin Sukukutan da ta mutumin Gaya, da ta Bazabarmen Loga da ta Bafillacen Boboy, duk cikin ƙwarya ɗaya ake zuba su.

To, mene ne nauyin Arewa cikin wannan ƙwarya? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 2 da ɗan ɗori a jahar Doso. Gundumar Dogon Dutsi tana da sama da 370.000, ta Tibiri kuma wajen 270.000. In aka haɗa su, sun haura 640.000. Wato cikin mutum uku na jahar, kusan ɗaya ɗan Arewa ne. Wannan ba ƙaramin kaso ba ne. Amma ranar zaɓe ba yawan mutanen gari ake ƙirgawa ba. Wanda ya yi rajista, ya karɓi katinsa, ya fito ya jefa ƙuri'a mai kyau, shi kaɗai ake ƙirgawa. Wanda ya tafi cin rani ya bar katinsa cikin adaka, da wadda ta ce aikin gida ya yi mata yawa, ba su ƙara wa Arewa nauyin ko ƙwayar gero ɗaya ba.

YADDA AKE RABA KUJERU

A mazaɓa mai kujeru da yawa ba mutum ake zaɓa ba, jam'iyya ake zaɓa. Kowace jam'iyya takan kawo jerin sunayen ƴan takararta, abin da muke ce wa lis. Kai kuma mai zaɓe, alamar jam'iyya za ka nema. Daga nan a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu. Kamar mutane ne suka yi watanda: kowa kason namansa daidai da kuɗin da ya zuba.

Ku ɗauki alli mu gwada. Wannan misali ne na aji, ba sakamakon wani zaɓe ba. A ce wata jaha tana da kujera 10. An ƙirga, an fid da ƙuri'un da suka lalace, masu kyau sun kama 100.000. Jam'iyya huɗu suka yi takara, mu sa musu sunan amfanin gona.

Gero ta samu 46.000.
Dawa ta samu 31.000.
Wake ta samu 19.000.
Gujiya ta samu 4.000.

Aiki na farko, a nemo farashin kujera. A raba 100.000 gida 10. Ya ba da 10.000. Ke nan kowace kujera ƙuri'a 10.000 take ci.

Aiki na biyu, a duba kujera nawa kowace jam'iyya za ta iya saye. Cikin 46.000 akwai 10.000 sau 4, Gero ta samu 4. Dawa ta samu 3. Wake ta samu 1. Gujiya ba ta kai farashin ba. An raba 8, saura 2.

Aiki na uku, wa za a ba sauran? Sai a tambayi kowace jam'iyya: in aka ƙara miki kujera ɗaya, ƙuri'a nawa za su tsaya bayan kowace kujerarki? Gero, 46.000 a raba 5, ya ba da 9.200. Dawa, 31.000 a raba 4, ya ba da 7.750. Wake, 19.000 a raba 2, ya ba da 9.500. Gujiya, 4.000 ɗinta. Wake ce ta fi, ita ta ɗauki kujera ta 9. A sake zagayowa. Yanzu Wake sai a raba nata gida 3, ya faɗo ƙasa da 6.400. Gero da 9.200 ita ce a gaba, ta ɗauki ta 10.

An gama: Gero 5, Dawa 3, Wake 2, Gujiya babu.

Ku lura da abu biyu. Da a ce kujera ɗaya ce kamar ta sanatan Kebbi, ɗan takarar Gero zai ɗauke ta da 46.000, mutum 54.000 su tashi hannu wofi. Hanyarmu ta fi raba wa kowa. Amma ita ma tana da nata aibin. Mutumin Kangiwa ya san sunan sanatansa guda ɗaya, ya san ƙofar da zai buga in hanya ta lalace. Mu kuwa, lokacin da muke da depite da yawa a jaha ɗaya, kowanensu yana iya cewa ƙauyenku ba rabonsa ba ne.

Abu na biyu, ku dubi tazarar da ke tsakanin 9.500 da 9.200. Kaɗan ce. Ƙauye biyu ko uku da suka ƙi fitowa, ko suka ɓata takardunsu don rashin sanin inda ake dangwalawa, sun isa su sauya wanda zai fara ɗaukar kujera.

WA ZAI ZAUNA BISA KUJERAR?

Gero ta ci kujera 5, alhali mutum 10 ne cikin jerinta. Su wa za su tafi Yamai? Nan fa ake ta da jijiyar wuya. Mai zaɓe ba shi da wurin nuna sunan wanda yake so. Kujerun na jam'iyya ne, daga cikin jerinta ake fid da waɗanda za su zauna. Abin da jam'iyyu suka saba yi shi ne su dubi ƙuri'ar da kowane ɗan takara ya kawo daga yankinsa. Wanda garinsu ya cika akwati, maganarsa ta fi ƙarfi ranar rabo. Daga nan ne sunan "depiten Dutsi" ya samo asali.

Kun ga ke nan ƙuri'arka aiki biyu take yi. Ta farko, ta shiga ƙwaryar jaha ta ƙara wa jam'iyya kujera. Ta biyu, ta tsaya shaida cewa yankinku ya fito, domin ɗanku ya samu shiga. In Arewa ta yi barci ranar zaɓe, kujerun Doso ba za su ragu ba ko ɗaya. Wasu gundumomi ne za su zauna kansu.

Doka ta sa wa jerin sunaye sharuɗɗa. Kowane ɗan takara yana da mai maye gurbinsa, wanda zai hau kujerar in ya rasu ko aka ba shi minista. Sai ku riƙa tambayar sunan wannan na biyun, don wata rana shi ne depitenku. Akwai kuma kason mata. Dokar shekarar 2000 ta ce cikin zaɓaɓɓu kada maza ko mata su kasa kashi 10 cikin 100. A 2014 aka kai shi 15, a 2019 aka kai shi 25, wato ɗaya cikin huɗu. Ke malama da ke saurare, wannan doka ba don matan birni kaɗai aka yi ta ba.

INDA KARATU YA SHIGO

Kundin 2010 ya zo da wani sharaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Ya ce cikin kowane jeri, uku cikin huɗu na ƴan takara sai masu takardar BEPC ko daidai da ita, wato waɗanda suka ƙare kwaleji. Ɗaya cikin huɗu ne kawai aka bar wa waɗanda ba su da ita. Gabanin zaɓen Janairu 2011 kotu ta soke jerin sunaye da dama saboda takardun ƴan takara ba su cika ba, har wasu manyan jam'iyyu suka rasa shiga takara a wasu jahohi. Masu kuɗi da jama'a sun ga kujera ta wuce su saboda takarda. Wanda ya fid da ɗiyarsa daga lakwal don talla ko aure, ya tuna da wannan.

Mai zaɓe shi ma karatu yana yi masa rana. Ga wurare huɗu.

Na ɗaya, rajista. Akan lilliƙa sunayen masu zaɓe kafin ranar. Mai karatu ya je ya nemo sunansa da na iyalinsa, in an yi kuskure ya sa a gyara tun da wuri.

Na biyu, jerin ƴan takara. Ka karanta da idonka ka ga ko akwai ɗan yankinku ciki, da wanda aka sa masa a matsayin mai maye gurbi. Kada ka tsaya ga abin da maroƙi ya faɗa a dandali.

Na uku, takardar ƙuri'a. Ka gane alama, ka karanta sunan da ke jikinta, ka dangwala wuri ɗaya. In ka dangwala biyu, ta lalace. Mai karatu ba ya bukatar kowa ya kama masa hannu, sirrinsa ya tsaya tsakaninsa da Allah. Wanda ya kawo maka sukari ko sabulu ko turmin zane, ba ya bin ka cikin lungun da ake dangwalawa.

Na huɗu, ƙirga. Bayan an rufe zaɓe, nan cikin rumfar ake buɗe akwati a ƙirga gaban wakilan jam'iyyu, a rubuta sakamako, su sa hannu. Daga nan takarda ta tafi ƙaramar hukuma, ta wuce gunduma, ta wuce Doso, ta isa hukumar zaɓe ta CENI a Yamai, kotun tsarin mulki ta yanke magana ta ƙarshe. Hanya ce mai tsawo. Wakilin da bai san bambancin 109 da 190 ba zai sa hannu kan abin da bai gani ba. Ku da kuka iya lamba yanzu, ku ne ya kamata garinku ya tura rumfa.

HALIN DA AKE CIKI

Duk abin da na bayyana muku, yadda aka yi ne har zuwa zaɓen 27 ga Disamba 2020. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, aka dakatar da kundin 2010, majalisar dokoki ta tashi. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun jahohi da na ƙananan hukumomi. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka ɗiba wa mulkin sake gina ƙasa wa'adin shekara 5. A Yuni 2025 aka kafa majalisar ba da shawara, wadda ba a bi ta akwatin zaɓe aka samo mambobinta ba.

Wani zai ce, to me ya kai mu wahalar lissafin kujeru? Manomi ba ya jiran ruwan shuka ya sauka sannan ya kai kalminsa maƙera. Ranar da aka rubuta sabuwar dokar zaɓe, tana iya zuwa da sabon tsari. Ana iya barin jaha a matsayin mazaɓa, ana iya mai da ita gunduma, ana iya yin majalisa ɗaya ko biyu. Ko wace iri ta zo, ku tarye ta da tambayoyin nan uku da muka fara da su: ina iyakar mazaɓarmu, kujera nawa gare ta, yaya za a raba su. Sa'an nan ku nemi takardar ku karanta da kanku.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Sanata nawa jihar Kebbi take da su? Nijar ta taɓa zaɓen sanata?
2. A zaɓen 2020, mece ce mazaɓar mutumin Geceme? Ta mutumin Matankari fa?
3. Rubuta sunan ƙaramar hukumarku, da gundumarku, da jaharku.
4. Kujera 8, ƙuri'u masu kyau 72.000. Nawa ne farashin kujera ɗaya?
5. A ganinku wace hanya ta fi dacewa da Arewa: wakili ɗaya a kowane yanki, ko rabo gwargwadon ƙuri'a? Kowa ya faɗi dalilinsa.

Malaman azuzuwa su tattara amsoshi su aiko mana, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa damina ta yi albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.